Sunan da Bango Ya Kasa Ɗauka

A layin nan babu wanda bai san Saura Kaɗan ba, kuma babu wanda ya san sunansa. Mai rubuta allunan shaguna ne, in kuwa ka ba shi dama zai gaya maka cewa tun da aka ƙirƙiro burushi ba a yi hannu irin nasa ba. Ba ya taɓa tef ɗin awo, ba ya jan layi da alli, don a cewarsa awo aikin matsorata ne, shi idonsa ya ishe shi. Shi ya sa ko daga nesa ka hango allon da ya rubuta za ka gane shi: haruffan farko manya-manya har suna tsorata mai wucewa, na ƙarshe kuwa a cunkushe a lungu suna hawan juna. In mai shago ya tsaya yana kallon allonsa da ya cika tun ba a kai rabin suna ba, sai gogan ya karkata kai ya ce, "Kwantar da hankalinka, saura kaɗan." Tun yana saurayi maganar ta manne masa, ta bi shi har ɗakin aurensa.

Da can bai damu sosai ba. Abin ya soma ci masa rai ne a makon da matarsa ta haifi 'ya mace, ranar da ya shiga shagon mai aski da ke jikin gidansu don a gyara shi ya yi kama da uba.

"Tun yaushe kake yi mini aski?" ya tambaya.

"Tun kana da gashi a tsakiya," in ji mai aski.

"To mene ne sunana?"

"Saura."

"Na gaskiya nake nufi."

"Saura Kaɗan."

"Wanda ubana ya sa mini."

Mai aski ya tsaya da almakashi a sama, ya dube shi ta madubi. "Au, dama akwai wani?"

Saura ya tashi da rabin kai ba aski, ya faɗa gida ya titsiye matarsa da tambayar. Ta ce ta sani mana, an ma faɗa ranar aurensu, sai dai hayaniya ta yi yawa a wurin. Ya juya kan Inna, mahaifiyarsa, wadda ta zo taya su renon jaririya. Tsohuwa ta ce yana nan a bakinta, yanzu zai fito. Ta kira sunan wansa, ta kira na ƙanensa, ta kira na wani maƙwabcinsu da ya daɗe da rasuwa, sannan ta faɗo kan nasa, shi ma cikin shakka. Ranar Saura ya ji baƙin ciki na gaske. Ya tsaya a kan jaririyar da ke barci, ya sha alwashin cewa abin da aka yi masa ba za a yi wa 'yarsa ba. Sunanta na yanka za a kira ta da shi, cikakke, daga farko har ƙarshe, laƙabi kuwa ko ƙofar gidan ba zai leƙo ba.

Da sunan gajere ne da an zauna lafiya. Amma Saura ya zaɓi suna ne yadda yake rubuta allo. Ya ɗauki sunan kakarsa, ya ƙara da na kakar matarsa don kada a ce ya yi son kai, ya liƙa na ungozomar da ta karɓi haihuwar, ya ɗora wani da ya ji a rediyo ya yi masa daɗi, sannan ya rufe da nasa na gaskiya da na mahaifinsa. Ni da nake ba ku labarin nan ba zan faɗe shi ba, don ina so mu kai ƙarshe yau.

"Yanzu ni Maman wa za a riƙa ce mini?" matarsa ta tambaya.

Ya gyara tsayuwa ya jero mata.

"Ka ga bokitin can? Da ka fara na kunna famfo. Je ka kashe, ya cika."

"Babban suna ai sai da babban numfashi."

"Ranar da ta nufi titi da gudu, kafin ka gama kiranta ta kai wani gari."

"Yarinyar da ke ɗauke da wannan suna ba ta gudu. Takawa take yi."

Washegari ya kafa doka. Ya ja kujera ya zauna a bakin ƙofa, duk mai son ganin jaririya sai ya faɗi sunanta cikakke kafin ya shiga. Wadda ta fara faɗawa tarkon ita ce Goggo tela, mai shagon ɗinki da ke gaba da na mai aski, ta zo da 'yar riga mai filawa da ta ɗinka da hannunta.

"Ina 'yar kumatun tamu?"

Saura ya miƙe ya tare ƙofa. "Babu mai wannan suna a gidan nan, Goggo."

"To ina jaririyar?"

"Wace jaririya? Faɗi sunanta."

Goggo ta kama na farko daidai, ta yi tuntuɓe a na biyu, ta tsallake na uku, ta sa sunan wata mai bin ta ɗinki a gurbin na huɗu.

"A sake daga farko."

"Kai Saura, ni na ɗinka maka wandon makaranta. Matsa mini."

"Shi ma wandon ai bai kai idon sawu ba. A sake."

Goggo ta jefa rigar ta taga ta juya. Kafin rana ta yi tsaka labari ya gama layi, masu zuwa barka suka koma tsayawa daga tsallaken titi suna ɗaga hannu. Amma laƙabi ba ya jiran izini. Da safe ya ji Inna tana yi wa yarinya wanka tana ce mata 'yar dunƙule. Da rana ya kama matarsa tana ce mata sarkin kuka. Har mai kawo ruwa ya leƙo ya tambayi lafiyar 'yar Saura, abin da ya sa aka daina sayen ruwansa nan take. Saura ya yi ta korar sunaye kamar mai korar ƙuda, ya kore wannan wancan ya sauka. Ita kanta mai sunan ba ta taimaka masa ba, don duk sanda ya ɗauke ta ya fara jero mata, tun bai kai kan ungozoma ba ta yi barci. Ya ce wannan alamar natsuwa ce irin ta manyan mutane.

Da yamma ya koma shagon mai aski a ƙarasa masa ɗaya rabin kan, a nan ne dabara ta faɗo masa.

"Na gano inda matsalar take," ya ce. "Kunne ba shi da riƙo. Ka gaya wa mutum abu, kafin ya kai gida iska ta kwashe. Amma abin da ido yake karantawa kullum, baki ba ya iya canza shi. Me ya sa kowa ya san nan shagon aski ne? Don na rubuta."

"Don suna ganina ina aski."

"Don na rubuta, na ce. Zan rubuta sunan yarinyar nan a bangon gidanmu, haruffa masu tsawon mutum, yadda ko makaho ya wuce sai ya ji a jikinsa."

"Mai ginin fa?"

"Ya yi tafiya. In ya dawo godiya zai yi, na ƙara wa gininsa daraja."

"To ka auna bangon tukuna."

Saura ya yi dariyar tausayi. "Kai kana auna kai kafin ka yi aski?"

Gidan hayar nan dogon gini ne guda ɗaya. Ɗakunan su Saura ne a farko, sai shagon aski, sai shagon ɗinki, sai ginin ya yi kwana ya shiga lungu. Washegari da hantsi Saura ya fito da tsani da gwangwanin shuɗin fenti, bai sirka shi da ko ɗigon kananzir ba, don ya ce fenti mai ruwa-ruwa na masu ƙaramin buri ne. Ya ja baya, ya rufe ido ɗaya, ya miƙa babban yatsa ya dubi bango, ya ce ai har wuri zai rage. Harafin farko ya tashi daga ƙasa ya kai rufi. Mutane suka taru suna yabawa, shi kuma yana karɓar yabo da hannu biyu. Harafi na biyu ya haye tagar ɗakinsa. A na uku bangonsa ya ƙare.

Matarsa ta leƙo ta tagar da ta koma shuɗiya. "Bango ya ƙare, ko ba ka gani ba?"

"Bangonmu ne ya ƙare. Ginin yana nan."

Ya ja tsani gaba. Mai aski yana tsakiyar gyara wa wani gemu ya ga duhu ya rufe masa shago, ya fito ya tarar burushi yana tafiya a kan allonsa.

"Me kake yi wa allona?"

"Ni na rubuta shi, ni zan san lokacin da ya gama aiki."

"Yanzu ta yaya baƙo zai san nan wurin aski ne?"

"Ba kai ka ce suna ganinka kana aski ba?"

Mai aski ya koma ciki ya cire wa mai gemu fiye da abin da ya nema.

A kan shagon aski sunan kakarsa ya ƙare da ƙyar, shuɗin fenti kuma ya ƙare tare da shi. Saura bai ko girgiza ba. Ya ɗauko kore ya ce dama haka ya tsara, kowace kaka da launinta. Kakar matarsa ta sauka a kan shagon Goggo tela, haruffa sun ragu zuwa tsawon yaro, suka bi ta kan tagar katako da ke rufe, suka bi ta kan ƙofa.

"Ka shafe mini taga," in ji Goggo. "Da wane haske zan sa zare a allura?"

"In ya bushe ki buɗe."

"In na buɗe kuma harafinka ya rabe biyu."

"To kada ki buɗe."

Ungozoma ta samu rawaya, ita ce ta sha kwana ta shiga lungu. Sunan rediyo ya samu ragowar wani fenti mai launin ƙasa, haruffansa kamar tafin hannu. Da aka zo kan sunan Saura na gaskiya, wanda dominsa aka fara duk wannan wahala, abin da ya rage na bango bai fi faɗin faranti ba, a bayan tankin ruwa, kusa da inda ake zubar da shara. Can ya tsuguna ya rubuta shi da burushin gyaran gira da ya sato daga jakar matarsa. Sunan mahaifinsa kuwa ya gangara kan bututun ruwa ya shige ƙasa.

Inna ta fito da sandarta ta ce za ta karanta sunan jikarta. Ta fara daga ƙofar gida, ta huta a bencin mai aski, ta sha ruwa a wurin Goggo, ta shiga lungu, ta dawo tana haki.

"Na kai ƙarshe, amma na manta farkon."

"Sai ki koma ki duba, Inna."

"In na koma kuma ƙarshen ya tafi. Kai, wannan suna sai mai keke."

Maganar ta soke shi, amma ya nuna dama yana sane. Ya ce duk babban aiki yana da ƙaramin samfuri. Ya ɗauko jan fenti, mai kauri fiye da sauran, ya sake rubuta sunan gaba ɗaya a jikin ƙofar ƙarfe ta shagon aski, layi bisa layi, yadda mutum zai karanta a tsaye wuri ɗaya. Wannan ne kaɗai rubutun da ya taɓa shiga wurinsa cif a tarihin sana'arsa, shi ma don mai aski ya tsaya a kansa da reza a hannu.

Yanzu sai buɗewa. Saura ya ce aiki irin wannan ba a barinsa tsirara kowa ya gani kafin lokaci, sai an lulluɓe an tara jama'a an yaye a gabansu, duk da cewa jama'ar sun wuni suna kallonsa yana yi. Ya shiga gida ya kwashe zannuwan gado kaf, har da sabon da matarsa ke ɓoyo a ƙasan akwati, ya haɗa da labulen falo. Ya buga su da ƙusa a saman bango tun daga ƙofarsa har kwana, ya zura igiya guda ta bi ta cikinsu, yadda ja ɗaya zai zubo da su gaba ɗaya.

"Fentin bai bushe ba," matarsa ta ce.

"Fentina yana bushewa da ganin ido."

"A kan me za mu kwana?"

"Tarihi ake kafawa, kina maganar barci."

Iska ta yi aikinta, ta manna kowane zani a jikin bango lif.

Da gari ya waye layi ya cika. Wasu sun zo don zumunci, mafi yawa sun zo ne don sun san Saura. Ya fito cikin rigarsa mafi kyau, ya jingina tsani a gefen shagon aski, ya hau da igiya a hannun hagu da burushi sharkaf da jan fenti a hannun dama, don ya ce ɗigon ƙarshe a gaban shaidu zai sa shi. Ya umarci matarsa ta tsaya a ƙasa daf da tsani da jaririya a hannu, mai suna ta ga sunanta. Jaririya kuwa tun da aka fito da ita take tsala kuka.

"Jama'a," ya fara, "yau za a rufe wata ƙofa da ta daɗe a buɗe a layin nan. Ku kun ɓatar da sunan uba, amma ba za ku ɓatar da na 'ya ba. Daga yau duk wanda ya ce kumatu, ko dunƙule, ko wani abu makamancin haka, bango zai ba shi amsa."

Sai aka ji bugu daga cikin bango. Mutane suka ja baya.

"Ga shi har ya fara," in ji wani.

Goggo tela ce. Ta shiga shagonta ta ƙofar baya da sassafe, iska ta rufe ƙofar ta kulle, ta zo ta gaba ta tarar fenti ya liƙe ƙofa da taga, an kuma buga zanin gado a kai. "Saura, buɗe ni," muryarta ta fito a daƙile. "In na fito sai na ɗinke maka baki."

"Ki yi haƙuri, Goggo, yanzu za a yaye ki tare da sauran."

Ya ja igiya. Ko gezau. Ya murmusa wa jama'a ya ƙara ja. Zannuwa suka tsaya kamar an haife su a jikin bangon. Ya ce wa mai aski da wasu ƙarti biyu su kama ƙarshen igiyar su taimaka, ba don ya kasa ba, don su ma su samu shiga tarihi. Suka kama suka ja da ƙarfinsu.

Zanin farko ya taho, amma bai taho shi kaɗai ba. Ya ɓamɓaro yaɓen bango tun daga rufi har ƙasa, da harafin farko a jikinsa, ya kife a kan benci. Na biyu ya biyo da gilashin taga. Kakar Saura ta zubo gaba ɗaya cikin ƙura. Kakar matarsa ta taho da tagar katakon shagon ɗinki, kan Goggo ya bayyana a ramin da almakashi a hannu. A daidai wannan lokaci tasi ta tsaya, mai ginin ya sauko da jakar tafiyarsa, ya dubi gininsa, ya juya ya dubi layin ko direba ya kawo shi wani wuri ne.

Labulen falo shi ya ƙarasa aikin. Da ya faɗo ya naɗe ƙafar tsani, ƙartin da ke jan igiya kuma ba wanda ya ce musu su daina. Tsani ya tafi. Saura bai tafi tare da shi ba, don ƙarfen da ke riƙe allon mai aski ya kama shi ta bel ɗin wando, ya bar shi yana lilo a sama, kai ƙasa-ƙasa, burushi har yanzu a hannu.

Wuri ya yi tsit, ban da kukan jaririya. A cikin shirun nan kowa ya ga jan fenti ya taru a bakin burushi, ya yi nauyi, ya sako. Ɗigo ɗaya tak, ya sauka a tsakiyar goshin yarinya. Ta yi shiru. Ta haɗa idanu tana neman abin da ya taɓa ta, ta ɗaga kai ta ga ubanta yana reto a sama kamar kayan shanya, sai ta saki dariya, ta farko a rayuwarta.

"Ku ga ɗigo," in ji Inna, ta matso tana leƙe. "Wallahi ya yi mata kyau. Ɗigo, 'yar Ɗigona."

"Ɗigo," in ji Goggo daga ramin taga, har ta manta da almakashi.

"Ɗigo," layi ya amsa, daga wannan baki zuwa wancan, har direban tasi.

"Ba sunanta ke nan ba," Saura ya ce daga sama. "Sunanta…" Ya ja numfashi zai jero, amma bel ya shaƙe masa ciki. Ya fitar da kakarsa da ƙyar, ya fitar da rabin kakar matarsa, iska ta ƙare. Ya nuna bango da burushi don bango ya ba su amsa kamar yadda ya yi alkawari, sai dai babu abin da ya rage a jikinsa sai bulo tsirara da ƙusoshi.

Mai ginin ya ajiye jaka, ya tako a hankali ya tsaya a ƙarƙashinsa. Mutum ne marar hayaniya, shi ya sa ake tsoronsa.

"Malam, ka gama aikin, ko da saura?"

Saura ya san tarko ne. Ya cije leɓe, ya yi ƙoƙarin haɗiye amsar, amma abin da baki ya saba shekara da shekaru ba ya neman shawara.

"Saura kaɗan," ya ce.

Bel ya tsinke.

A kan tulin zannuwan gado ya faɗo, don haka ba abin da ya karye sai girmansa. Kwanakin da suka biyo baya ya yi su ne yana yaɓe yana shafa farin fenti, mai ginin na zaune a kujera yana kallo, kuma ya tilasta masa riƙe tef ɗin awo ko da ba abin da za a auna. Matarsa ta goge ɗigon da man shafawa, ya ɗan bar ja-ja na 'yan kwanaki sannan ya ɓace. Sunan kuwa bai ɓace ba. Ita kanta ta zama Maman Ɗigo, ta ce ba ta taɓa jin sauƙi irin wannan ba.

Zani ɗaya ne ya fita lafiya daga yaƙin, sabon nan na ƙasan akwati, wanda ya rufe ƙofar ƙarfe ta shagon aski. Ƙarfe ba shi da yaɓen da zai ɓamɓare, sai zanin ya kwashe jan rubutun tas, layi bisa layi, amma a juye, yadda ba mai iya karantawa. Matar Saura ta ce ba za ta kwana a kan wannan ba. Mai aski ya ce a ba shi a madadin allonsa, ya yanke masa wurin wuya ya riƙa yafa wa masu zuwa aski.

Abin da ba wanda ya yi tunani shi ne madubi. Duk wanda ya zauna a kujerar aski aka yafa masa zanin, ya ɗaga ido, sai ya ga rubutun ya miƙe daidai a ƙirjinsa. Mai aski ba ya sauri, mutum kuma ba shi da abin kallo sai gabansa, don haka sai ya karanta, ya sake karantawa. Kafin wata ya zagayo rabin mazan layin sun haddace sunan, suna jero shi ba tuntuɓe. Sai dai ba wanda ya haɗa shi da jaririya, ita ai Ɗigo ce. Shagon da ba shi da allo shi ya gaji sunan. Daga "zan je wurin mai zanin nan" aka koma kiran shagon da sunan kakar Saura, daga shago kuma suna ya gangara kan mai shi. Ƙaton mutum mai gashin baki, ya yi faɗa, ya yi rantsuwa, ya kori mutum biyu da rabin aski, daga baya ya gaji ya fara amsawa.

Ranar da Saura ya gama biyan hukuncinsa ya shiga a yi masa aski, aka yafa masa zanin. Ya dubi madubi ya ga aikin hannunsa, ya cika ya batse.

"Ban gaya maka ba? Abin da ido yake karantawa kullum, baki ba ya canza shi."

"Ka gaya mini," in ji mai aski. "Jiya matata ma da shi ta kira ni." Ya ɗan ja zanin ya nuna layin kusa da ƙarshe da tsinin almakashi. "Wai wannan na ƙasan na wane ne? Ba laifi, yana da daɗin faɗi."

Saura ya dubi layin a madubi. "Nawa ne."

Mai aski ya dubi rubutun, ya dubi mai shi. "Bai yi kama da kai ba, Saura. Sunkuyar da kai."

Ana cikin haka matarsa ta zo wucewa ta ƙofar shagon da yarinya a kafaɗa. Saura ya ga dama ta samu a gaban mutanen da ke jiran layi. Ya gyara murya, ya cika ƙirji, ya ƙwala sunan cikakke tun daga kaka har bututun ruwa. Yarinya ko motsi, tana tsotsar hannunta tana kallon titi.

"Na'am," in ji mai aski, bai ko ɗaga kai ba.

Masu jiran layi suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Saura ya dubi ƙeyar 'yarsa da ke shirin wucewa ba ta san ubanta na nan ba, abin ya taɓa masa zuciya fiye da faɗowar da ya yi. Ya saci kallon hagu da dama, ya rage murya yadda yake zaton ba mai ji.

"Ɗigo."

Ta juyo da sauri, ta gan shi, ta washe baki ba haƙori ko ɗaya, ta miƙo hannu biyu tana zillo har uwar ta kusa sakinta. Ya karɓe ta ya ɗora a kan zanin, a bisa sunan nata duka, ta kama hancinsa ta riƙe.

"Mun ji dai," in ji mai aski.

"Ku ji mana. Wa ya sa mata shi in ba ni ba?" Saura ya sa yatsa a tsakiyar goshinta, ya juya ga masu jiran layi. "Daga sama, a rataye, kai a ƙasa, iska na kaɗa ni. Ku kawo tef ɗinku ku auna, tsakiya ne cif. Sannan wani ya ce sai na yi awo."